Yadda Ɗan Yayata Ya Samu Gurbi a NDA Ba Tare da Sanin Kowa Ba

Ni malamin lissafi ne a wata sakandaren gwamnati a yankin Funtuwa, kuma rajistar jarrabawar fita ta ɗalibanmu a hannuna take. Labarin nan na ɗan yayata ne, wanda yanzu haka yake Afaka, babbar harabar NDA, yana shan gwale-gwale. Tun da sunansa ya fito iyaye ke tare ni, a ƙofar masallaci ko wurin ɗaurin aure, tambayarsu ɗaya: "Malam, don Allah wa kuka sani a Kaduna?" Ba mu san kowa ba. Yaran da na gani da idona an koro su gida daga wannan nema, akasarinsu ba ɗan wani babba ne ya ture su ba. Abin da ya kayar da su abu ne da za a iya ganowa, wani lokaci ma a gyara, tun suna aji huɗu.

Ga wanda bai san wurin ba, NDA ita ce kwalejin horar da hafsoshin sojan Najeriya da ke Kaduna. An buɗe ta a 1964, hafsoshin Indiya ne suka fara riƙe ta, ta soma ba da digiri a 1985, sannan a 2011 ta fara ɗaukar mata a babban kwas ɗinta. Yaron da ya shiga daga sakandare ba ya biyan kuɗin makaranta. Gwamnati ce ke ciyar da shi, ta ba shi kaki da makwanci da magani, ta kuma biya shi alawus duk wata. Mai neman sojan ƙasa shekara biyar zai yi, huɗu na digiri haɗe da horo, ta biyar horon soja zalla, ya fito da anini ɗaya a kafaɗa da aiki a hannu. A ganina babu tallafin karatu a ƙasar nan da ya kai wannan cika. Kada a rikita ta da Daffo na Zariya, inda ake horar da kurata na 'yan watanni, ko jami'ar sojoji ta Biu da AFIT, makarantar fasaha ta sojan sama da ke Kaduna, waɗanda farar hula ke shiga su biya kuɗi su kuma fito farar hula.

Yana aji huɗu, wato SS1, ya zo da maganar, shi da wani abokinsa da ba sa rabuwa. Suna tsammanin za a ce su je su sayi littattafai. Abin da aka fara yi musu shi ne awon jiki, don a nan ne abubuwan da ƙwazo ba ya canjawa suke, kuma binciken su ya fi komai arha. Sanarwar shekarun baya-bayan nan tana neman tsawon mita 1.68 ga namiji, 1.65 ga mace. A tsayar da yaro ba takalmi ba hula, dugadugai da ƙeya a jikin bango, a ɗora littafi a kansa a yi alama. A auna da yamma, domin mutum ya fi tsawo da safe da kusan santimita ɗaya, kuma gara a san mafi ƙanƙantar awonsa. Ɗan shekara 15 da ya gaza da santimita biyu ko uku yana da sauran girma a gaba. Ɗan 19 da ya gaza haka, a gaya masa gaskiya.

Sai ƙafa. A jiƙa tafin ƙafarsa ya taka busasshen siminti. In sawun ya fito da ɗan lanƙwasa ta ciki, lafiya lau. In ya fito a cike kamar an shafa, tafin a shimfiɗe yake, kuma wannan yana cikin abubuwan da likitocin soja ke mayar da mutum a kai. Haka gwame, da ƙafafun da suka buɗe ta yadda gwiwoyi ba sa haɗuwa ko an haɗe idon sawu, da tsohuwar karaya da aka ɗora ta warke a karkace, da in'ina mai ƙarfi, da zanen tatu a jiki.

Daga nan aka kai su asibiti. Gwaje-gwajen da suka fi muhimmanci su ne nau'in jini, don mai sikila ba ya shiga, da ciwon hanta nau'in B, da ƙanjamau, da hawan jini, da ido, da kunne, sannan likita ya duba ƙaba da gwaiwa da basir. A ɗakin ido, bayan allon haruffan nan da ake karantawa daga mita 6, sai ma'aikaciyar ta ɗauko wani ɗan littafi da kowane shafinsa da'ira ce cike da ɗige-ɗige masu launi, da lamba a ɓoye a tsakiya. Ɗan yayata yana kallo yana faɗa. Abokin ya karanta shafin farko, wanda kowa ke iya gani, a na gaba ya faɗi wata lamba daban, a na bayansa ya matso da fuska har hancinsa ya kusa taɓa takarda, ya ce, "Anti, nan babu komai." Ba ya rarrabe ja da kore yadda ya kamata, kuma duk tsawon rayuwarsa bai sani ba, iyayensa ma ba su sani ba. Gado ne ta wajen uwa, ya fi kama maza, ba shi da magani, tabarau kuma ba ya gyara shi. Ya yi kwana biyu ba ya magana da kowa. Amma da bai je ɗakin nan ba, da zai zuba shekara uku da kuɗin ubansa, ya ci jarrabawa biyu, sannan a nuna masa wannan littafin a Kaduna a ce ya ɗauki jakarsa.

Maganar hanta tana bukatar a tsaya a kanta, don tana yi wa yaranmu ɓarna ƙwarai kuma mai ita yakan yi shekaru bai ji komai ba. In gwaji ya nuna yaro ba ya ɗauke da cutar, a yi masa rigakafi nan take: allura uku ce, ta farko, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku a wata na shida. A saya masa injin askinsa, ya daina miƙa hannu ga masu yankan farce na yawo, kuma kada a yarda da askar wanzami da aka yi wa wani aiki da ita. Ƙaba da basir kuwa ana iya maganinsu, amma da wuri, a bar jiki ya warke sarai. Yaron da aka yi wa aiki saura wata ɗaya a kira shi, ba zai iya gudun da ke jiransa ba.

Bayan jiki sai takardu, kuma a nan ne aka gano tamu matsalar. Na sa ya kawo takardar haihuwa, da ta gama firamare, da ta aji uku, da takardar NIN, muka jera su a tabarma. A uku ranar haihuwarsa ɗaya ce. A NIN kuwa, mai shagon da ya yi masa rajista ya juya rana da wata, ya kuma rubuta sunan ubansa da wani harafi daban. Uwarsa ta ce, "Malam, ai duk shi ne, wa zai tsaya duba wannan?" Na ce, "Yaya, akwai mutumin da aikinsa ke nan tun safe har dare." JAMB daga NIN take kwaso suna da ranar haihuwa, NDA kuma da bayanan JAMB take aiki, sannan a wurin tantancewa za a ɗora duka a kan takardar WAEC ko NECO. Muhammad a nan, Mohammed a can, sunan gari a matsayin sunan mahaifi a wata takardar amma babu shi a wata, duk waɗannan suna iya sa a ajiye fayil gefe. Gyaran NIN yana cin kuɗi da zirga-zirga da lokaci, sai an haɗa da shaidar hukumar ƙidaya, don haka a yi shi tun a aji huɗu ko biyar. Ranar haihuwar da ta hau takardar WAEC kuwa, cire ta abu ne mai matuƙar wuya, shi ya sa nake sa kowane ɗalibi ya karanta bayanansa da bakinsa kafin a tura.

Shekarun shiga, sanarwar shekaru da dama ta sa 17 zuwa 21, ana lissafawa zuwa watan Agusta na shekarar. A karanta ta kowace shekara kalma-kalma, don ita ce hukunci, ba abin da maƙwabci ya tuna na zamaninsa ba. Amfanin gama sakandare a 17 ko 18 shi ne yaro yana da damar sake nema in bai dace ba. Dole kuma ya zama bai yi aure ba, ba shi da ɗa a wuyansa. Rage shekaru da takardar rantsuwar kotu dabara ce da ke tona kanta, don takardar firamare tana nan tana faɗin gaskiya, kuma wanda aka kama da takardar bogi korar sa ake yi ko ya yi nisa a karatun.

Ana neman kiredit biyar, har da Turanci da lissafi, a zama bai wuce biyu ba, kuma sauran ukun su dace da kwas ɗin da yaro ke so. Nan ma ana faɗuwa ba gaira ba dalili. Mai son injiniya dole ya riƙe fizis da kemistiri, ya kuma zaɓe su a JAMB tare da lissafi da Turanci. Mai son tarihi da nazarin yaƙi ko kimiyyar siyasa ya tabbata yana da gwamnati ko tarihi. Na sha ganin yaro mai sakamako tas, amma darussan da ya rubuta a JAMB ba su ne na kwas ɗin da ya cike ba, sai makinsa ya zama ba shi da amfani. Sanarwar takan kuma ce Larabci ko Faransanci ko yaren Sin ƙarin tagomashi ne. Yaranmu da suka yi Islamiyya tun suna ƙanana suna zaune a kan wannan dama ba su sani ba. Ɗan yayata ya saka Larabci cikin darussansa saboda haka kawai, ya kuma ci shi ba wahala.

Akwai tarkon lokaci da ya kamata a gane. Fom ɗin NDA da rajistar JAMB suna zuwa ne kafin ɗan aji shida ya zauna WAEC, sakamakon kuma sai wajen Agusta, kuma a shekaru da dama sanarwa ta ce mai jiran sakamako bai cancanta ba. Mafita ita ce yaro mai ƙoƙari ya zauna jarrabawar masu zaman kansu ta ƙarshen shekara, ta WAEC ko ta NECO, yana farkon aji shida. In ya haɗa biyar ɗinsa, zai cike fom da sakamako a hannu, bai yi asarar shekara ba. Haka muka yi. Ya bukaci ya kammala manhajar aji shida a cikin dogon hutu, abin da ba kowane yaro zai iya ba, kuma bai kamata a tura wanda bai shirya ba.

A JAMB dole NDA ta zama zaɓin farko, sannan a cike fom na makarantar daban a shafinta na intanet, a biya ta Remita. Mutane da yawa suna yin ɗaya su bar ɗaya. Makin da aka saba sawa 180 ne ga fannin zamantakewa da kimiyya, 210 ga injiniya, amma wannan ƙofar zaure ce kawai. Guraben ana raba su ne jiha-jiha, ke nan yaron Katsina ba da yaran Legas ko Imo yake takara ba, da 'yan jiharsa yake yi, kuma cikinsu akwai waɗanda suka fito daga makarantar soja ta Zariya da sakandaren Kwamand da na kimiyya, waɗanda suka san fareti da ladabin bariki tun suna 'yan shekara 12. Ni dai ina gaya wa ɗalibi ya sa 250 a gabansa. Tambaya 180 ce a cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40 a kowane darasi, wato daƙiƙa 40 ga kowace tambaya. Yaron da ya san amsa amma bai taɓa zama gaban kwamfuta da agogo na gudu ba, zai bar tambaya ashirin bai gani ba. A kai shi cibiyar kwamfuta ya yi gwaji da lokaci aƙalla sau ɗaya a mako, wata uku kafin jarrabawa, har yatsunsa su saba da A, B, C, D da N na gaba da P na baya ba sai ya nemi linzami ba.

Wanda ya haye JAMB sai a kira shi jarrabawar tantancewa ta NDA, wadda ta ƙunshi Turanci da lissafi da sanin al'amuran yau da kullum. Wannan na ƙarshen ba a koyar da shi a aji, kuma shi ne ya fi ba yaranmu kunya. Mun yi masa littafin rubutu guda, kullum bayan sallar isha'i ya saurari labarai, na Hausa don ya fahimta, na Turanci don kunnensa ya saba, ya rubuta abu biyar. A bayan littafin ya tara abubuwan da ba sa canjawa da wuri: yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, shigar ECOMOG, rundunar ƙasashen Afirka ta Yamma, Laberiya a 1990, jihohi 36 da ƙananan hukumomi 774, ranar tunawa da mazan jiya 15 ga Janairu, hedikwatar rundunar haɗin gwiwa ta tafkin Chadi a Njamena. Sai rundunonin sojan ƙasa da mazauninsu: ta ɗaya Kaduna, ta biyu Ibadan, ta uku Jos, ta shida Fatakwal, ta bakwai Maiduguri, ta takwas Sakkwato, ta 81 Legas, ta 82 Inugu. Sai muƙaman sojan ƙasa da na ruwa da na sama a jere, da wanda ya yi daidai da wane. Sunayen manyan hafsoshi da ministoci da fensir yake rubuta su, don ana sauya su.

Gudu kuwa tun aji biyar ya fara, kuma a hankali. Kuskuren da samari ke yi shi ne su zauna sai sunansu ya fito, sannan su tashi da gudun kilomita goma kullum cikin sabon takalmi. Mako biyu ƙwauri ya ɗauki ciwo, ƙafa ta yi bororo, su isa Kaduna suna ɗingishi. Tsarin da ya bi mai sauƙi ne. Watan farko kwana uku a mako, sassarfa ta kilomita biyu. Daga nan ƙari kaɗan-kaɗan, kada na wannan mako ya fi na wancan da fiye da kashi ɗaya cikin goma, har ya kai yana yin kilomita biyar zuwa shida ba ya haki. Rana ɗaya a mako sai a auna shi a kilomita 3.2, wato zagaye takwas na filin wasa mai mita 400, da agogo a hannu. Na sa masa minti 15 a matsayin abin da zai sauko ƙasa da shi, don ya kasance da rara ranar da tsoro da rashin barci suka ci wani abu daga ƙarfinsa. Bayan gudu sai dafa ƙasa da hannu biyu yana sauka yana tashi, da tashi zaune daga kwance, da jan jiki sama a reshen dalbejiya, da tsallen kwaɗo kaɗan, ba mai yawa ba don yana cin gwiwa. A turɓaya ko ciyawa ya fi yi, ba a kwalta ba. Da azumi sai ya mayar da shi bayan tarawihi, ya rage nisa. Da hunturu kuma yakan jira ƙura ta ɗan lafa. Farin kambas ɗin da zai tafi da shi, wata biyu yana gudu da shi kafin tafiya.

Abu ɗaya da na faɗa masa ba wasa a fuskata shi ne maganar ƙwaya. Ana gwajin fitsari. Tiramol da kodin da wiwi duk suna fitowa, kuma wiwi yana iya yin makonni a jikin wanda ya saba sha. Akwai masu ba yara shawarar su sha wani abu "don ƙarfin gudu", ko su yi ta ɗirkar lemon ƙara kuzari da goro da safen gwaji. Abin da hakan ke yi shi ne ya tura bugun zuciya da awon jini sama a daidai lokacin da likita zai ɗaura masa abin awo. Ko maganin tari zai sha a makonnin nan, ya nuna wa likita tukuna. Ya kuma kwana cikin gidan sauro, don zazzaɓin da ya kama mutum ranar gudu ba a ɗaga masa rana.

Matakin ƙarshe shi ne hukumar zaɓe ta rundunonin soja, AFSB, wadda ke zama a tsohuwar harabar makarantar, barikin Ribadu, ana kiran jihohi rukuni-rukuni. Yaro zai kwana a can, a ba shi lambar ƙirji, daga ranar lambar ce sunansa. Zai tafi da takardunsa na asali da kwafinsu, da takardar shaidar zama ɗan jiha, da fom ɗin ƙaramar hukuma wanda shugabanta ko sakatare ko wani hafsa ɗan jihar mai muƙamin laftanar-kanar zuwa sama ya sa wa hannu, da takardar amincewar iyaye, da katin duba sakamakon WAEC ko NECO wanda ba a ƙarar da shi ba, da hotuna irin girman da aka faɗa. Sai farar singileti, shuɗin gajeren wando, farar safa, bokiti da kwanon cin abinci. A nemi sa hannun ƙaramar hukuma tun ranar da aka buga fom. Wanda ya bari sai ana jibi tafiya, zai tarar ciyaman yana Abuja.

Takardar amincewar nan ita ce ta fi yi wa yayata nauyi. Ta riƙe biro ta daɗe, ta tuno harin da 'yan bindiga suka kai Afaka a watan Agustan 2021, inda suka kashe hafsoshi biyu suka tafi da ɗaya, ta tuno 'ya'yan mutane da ke Sambisa da dajin Zamfara. Ban lallashe ta ba, kuma ba na ganin ya dace a lallashi uwa a nan. Karatun kyauta ne, amma da aikin soja ake biyansa, kuma yaron da iyaye suka tura don albashi alhali ransa ba ya so, ko ya shiga da wuya ya jure. Shi ne ya durƙusa ya ce, "Umma, in ba ki yarda ba na haƙura." Sai da ta yi istihara sannan ta sa hannu.

Tantancewar kamar rariya take, kowace rana ana raguwa: takardu, awon jiki, asibiti, gudu, rubutu, sannan ganawa da manyan hafsoshi. A ganawar nan tarbiyyarmu takan juya ta zama cikas. Mun koya wa yaro ya sunkuyar da kai gaban babba, ya yi ƙasa da murya, kada ya haɗa ido. Masu neman wanda zai ba da oda a tsakiyar harbi kuwa, in suka ga haka sai su ɗauka tsoro ne ko rashin sanin amsa. Dole a koya masa cewa a wannan ɗakin ladabi shi ne tsayuwa a miƙe, kallon mai tambaya, da amsa da murya mai fita. Mun riƙa zaunar da shi gaban malamai uku da bai saba da su ba, suna jefa masa tambaya da Turanci: me ya sa soja, me ya sa wannan kwas, yaushe aka ƙirƙiri jiharka, ƙananan hukumominta nawa. Katsina 1987 ce, ƙananan hukumomi 34, kuma abin kunya ne ɗan jiha ya yi inda-inda a kan wannan. Ba a neman Turancin Ingila a bakinsa, ana neman jimla gajera da ta fita daidai. In bai san abu ba ya ce bai sani ba, ya fi ya yi ta kame-kame.

A nemansa na farko sunansa ya fito a jerin 'yan jiran tsammani, waɗanda ake kira in wani ya ƙi zuwa ko aka sallame shi da wuri. Ba a kira shi ba. A makonnin nan ne wani ya yi ta bugo wa ubansa waya, wai yana da hanya, a turo kuɗi a mayar da sunan cikin jerin farko. Waɗannan mutane daga jerin da aka wallafa suke tsintar sunaye, kuma makarantar da kanta tana gargaɗi a kansu duk shekara. Ba a tura ko sisi ba. Abin da aka yi shi ne canjin makaranta a JAMB da wuri, don wanda ya sa NDA a zaɓin farko bai kuma canja ba, zai iya rasa jami'a ma a shekarar. Ya samu gurbi a wata jami'a ya fara zuwa, bai daina gudu ba, ya sake rajistar JAMB tunda makinta na shekara ɗaya ne. Da na tambaye shi inda yake ganin ya yi rauni, ya ce, "Kawu, a ganawa ne. Na san amsa, muryata ce ta ƙi fita." A kan wannan ya yi aiki, ya shiga ƙungiyar muhawara, ya riƙa jan sallah a masallacin ɗakin kwanansu. A shekara ta biyu sunansa ya fito a jerin farko na jiharmu.

Fitowar suna ba ta nufin a kwanta. Ranar da aka sa a kai kai ba ta da ɗaga ƙafa, wanda bai zo ba a cikin wa'adin, gurbinsa na ɗan jiran tsammani ne. Ana sake duba takardu da lafiya bayan an isa, don haka makonnin da ke tsakani ba na hawan babur da ganganci ko ƙwallon unguwa ba ne. Ya ci gaba da gudu, don makonnin farko a can sun fi duk abin da ya gani a tantancewa tsanani, kuma iyaye su shirya wa daɗewa ba su ji muryarsa ba. Wanda shekaru suka wuce masa kuma, ya riƙe karatun jami'arsa da kyau ya yi bautar ƙasa, don rundunonin uku suna ɗaukar masu digiri ta gajeren kwas na hafsoshi, kuma awon tsawo da na ido da na hanta da daidaiton takardu duk suna nan suna jiransa a can ma.